Zan tafi aikin agaji gabashin Chadi, ina neman shawara kan zafi da lafiya

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Wata ƙungiyar agaji ta ɗauke ni aikin sa-kai na wata shida a gabashin Chadi, kusa da garin Adre a bakin iyakar Sudan, inda mutanen Darfur suka kwararo tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Aikina auna yara da raba abincin masu tamowa. Nan da mako biyar za mu tashi in Allah ya yarda, bazara za ta same ni a can, azumi ma haka. Iyayena Katsinawa ne, amma a nan Agege aka haife ni, ban taɓa yin wata guda cur a Arewa ba. Mahaifiyata ta kasa barci tun da ta ji. Wanda ya san wani abu game da zafin can, ruwan sha, allurai, ko me ya kamata in saka a jaka, don Allah ya taimaka.

Alhajin Alaba Rago:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka ladan niyya. Ka ce wa mahaifiyarka ta kwantar da hankalinta. Na yi shekaru ina shiga Chadi sayen dabbobi, har Abeche na je, ƙasar Wadai kenan, kuma Adre gaba take da ita kaɗan. Mutane ne masu karamci. Rana kam akwai ta, amma kai jinin Katsina ne, ba a koya wa Bakatsine zama da rana. Ka nemi fararen kaya masu faɗi na auduga, ka ajiye waɗannan matsattsun wandunan naku na Legas. Ka sayi rawani ka koyi naɗa shi, yana tare rana a kai da ƙeya, yana tare ƙura a hanci. Ka lura da mutanen gari: da azahar ta doso kowa zai nemi inuwa, sai la'asar a sake fitowa. Abin da suka yi ka yi. Ka sha shayinsu, ka sha nonon raƙumi in ka samu. Mu da haka muka rayu, babu ƙwaya babu allura.

Sista Idi-Araba:
Baba Alhaji, maganar kaya da rawani da hutun tsakar rana, wallahi ko likita abin da zai faɗa kenan. Amma a gafarce ni, maganar jinin Katsina ban yarda da ita ba, kuma ita ce ke kayar da yaranmu. Jiki ba ya gadon sabo da zafi, koyonsa yake yi, kuma yana mantawa. Mutum na buƙatar kwana 7 zuwa 14 yana shiga zafin a hankali kafin jikinsa ya daidaita, ya riƙa fara zufa da wuri, ya rage zubar da gishiri a cikinta. Ko wanda aka haifa a Daura, in ya yi watanni a nan ya koma, sai ya sake sabo, balle yaron da bai san komai ba sai iskar teku.

Ƙanena, ka gane wannan da kyau. Zafin Legas mai laima ne. Ka hau danfo daga Oshodi zuwa Agege, rigarka ta jiƙe sharkaf, da idonka kake ganin ruwan da ya fita daga jikinka, sai ka miƙa hannu ta taga ka sayi ruwan leda. Nan da ƙyar ma'auni ke wuce digiri 34 ko 35. Can a watan Afrilu da Mayu wuce 40 ba labari ba ne, kuma iskar busasshiya ce. Zufar na fitowa iska na shanye ta nan take, rigarka a bushe, ka ɗauka ba ka yi gumi ba, alhali ka zubar da lita-lita. Sai da yamma ka ga farin gishiri ya kwanta a wuyan riga. Kafin ka ji ƙishirwa sosai an riga an ci ka da nisa.

Don haka kada ka jira ƙishi. In kana aiki a rana, kofi ɗaya duk minti 20, kaɗan-kaɗan, ba ka zauna ka ɗaga jarka lokaci guda ba. Ma'auninka fitsari ne: in ya fito fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske, lafiya. In ya koma kalar shayi, ko ka wuni ba ka zaga ba, ka tsaya da komai ka sha ruwa.

Alhajin Alaba Rago:
To 'yata, na ji. Ku ne masu karatun. Amma ni dai ban taɓa faɗuwa ba.

Sista Idi-Araba:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Kai kana shiga kana fita duk shekara, jikinka bai taɓa mantawa ba, kuma kai ne mai gidan kanka, in ka ga dama ka zauna a inuwa. Shi kuwa layin mata ɗari da yara a goye zai gani a gabansa, kunya da tausayi ba za su bar shi ya tashi ba. Sannan nonon raƙumi ko na saniya, a tafasa kafin a sha. Ɗanyen nono na kawo wani zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da ciwon gaɓoɓi, mutum ya yi ta shan maganin maleriya a banza.

Ɗan Agaji Mile 12:
Bari in ba da abin da na gani da idona, don gani ya kori ji. Ina cikin 'yan agajin da suka yi wa alhazai hidima a Hajjin 2024. A shekarar ne ma'auni ya kai 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka ce mutum 1,301 suka rasu, yawancinsu waɗanda suka je ba da izinin Hajji ba, ba su da tanti ba su da mota.

Ranar jifa ta farko muna dawowa Mina da wani abokin aikina, ƙato ne, ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, tun safe yake tura wata tsohuwa a keken guragu. Ya ba ta lemarsa, ya ba ta ruwansa. Muna tafe sai na ji yana tambayata ko mun wuce Ketu, unguwar nan ta Legas. Na ɗauka wasa yake. Na juyo na ga idonsa ya yi ja, yana tangaɗi, maganarsa na harɗewa kamar mai maye. Na taɓa wuyansa, kamar murfin tukunya. Kafin in ce wani abu ya zube.

Allah ya taimake mu akwai ma'aikatan lafiya kusa. Ba su tsaya tambayar komai ba. Suka ja shi inuwa, suka kwance masa kaya, suka riƙa kwara masa ruwan sanyi tun daga kai har ƙafa, suka cusa ƙanƙara a hammata da wuya da matsematsi, wani na yi masa fifita da kwali. Na ciro farasitamol daga aljihu, ɗaya daga cikinsu ya ture hannuna. Daga baya aka yi min bayani cewa wannan zafin ba na zazzaɓi ba ne, farasitamol ba ya sauke shi, ruwa da iska ne kawai. Kwana uku ya yi a asibiti, aka ce ƙodarsa ta taɓu, amma ya tashi, yanzu haka yana nan yana sana'arsa.

Abin da ya tsaya min a rai, shi bai san yana cikin haɗari ba. Har ya faɗi bai ce yana jin ciwo ba. Ƙanena, ka samu mutum ɗaya a wurin aikin ku yi alkawari: kai kana duba shi, shi yana duba ka. Duk wanda ya ga ɗan uwansa ya fara shirme a magana, ko fushi ba dalili, ko tangaɗi, ba shawara, a kai shi inuwa a jiƙa shi, a nemi mota. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe.

Ɗan Agege:
Innalillahi. Yaya na gode. Wannan ya shige ni. Ban taɓa sanin ruɗewar magana alama ce ba, ni jiri da ciwon kai kawai na sani.

Sista Idi-Araba:
Jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ɗaurewar jijiyar ƙafa, kasala, waɗannan matakin farko ne, galabaita. A nan in ka huta a inuwa ka sha ruwan gishiri da sukari za ka dawo. Da zarar hankali ya fara gushewa an shiga mataki na biyu, shi ke kisa, kuma mintoci ake ƙirgawa.

Tunda na ambaci ruwan gishiri da sukari: ka sayi na ƙunshi da yawa a kemis kafin ka tafi, ba shi da nauyi. In ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, wato ledar ruwa biyu irin tamu, cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin cokalin shayi na gishiri. Kada ya fi hawaye gishiri. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Kuma zallar ruwa ba abinci ita ma matsala ce, in ka yi ta sha kana zufa ba ka cin komai gishirin jini zai faɗi. Zafi na kashe sha'awar abinci, ka daure ka ci.

Matashin Obalende:
Ni fa ina ganin ana tsorata yaron nan da yawa. Mutane miliyoyi na rayuwa a can, yara ma na wasa a rana. Mu ma nan a Fabrairu da Maris in babu wuta barci gagarar mutum yake. Kuma tambaya: da TAC, shirin gwamnati na tura 'yan sa-kai ƙasashen waje, za ka tafi ne? In da su ne ai gwamnati ce ke kula da komai.

Ɗan Agege:
A'a, ba su ba ne. Ƙungiya ce mai zaman kanta.

Malama Sabon Ikorodu:
TAC daban ce ɗan uwa. Shiri ne na gwamnatin tarayya tun 1987, zamanin da Farfesa Bolaji Akinyemi ke ministan harkokin waje, ana tura malamai da likitoci da injiniyoyi ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik na shekara biyu. Kuma ko wa ya tura ka, ba shi zai sha maka ruwa ba.

Ba tsoratarwa ake yi ba. Ni na yi koyarwar sa-kai wata tara a wani ƙauye a jihar Diffa ta Nijar, kuma ba rana ce ta kayar da ni ba, ruwa ne. Sati biyun farko ina tafasa ruwana ina zubawa a tulu. Sai na fara jin nauyi, matan gidan na sha daga randa ɗaya ni ina ware kaina kamar na fi su. Ranar da aka yi suna a maƙwabta aka miƙo min kwanon ruwa da hannu biyu, tsohuwa ce, ta girmi uwata. Na karɓa na shanye. Kwana biyu bayan nan gudawa ta kama ni, a cikin wannan zafin, a dare ɗaya na zaga ya fi sau goma. Da asuba na kasa tsayuwa, na ja fatar bayan hannuna ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. A amalanke aka kai ni wurin shan magani, ledar ƙarin ruwa huɗu aka sa min. Makarantar da na je taimaka wa ta yi sati biyu ba malama, kuma matan da nake jin kunyarsu su ne suka bar aikinsu suna jinyata. Wannan ya fi ciwon yi min zafi.

Da na warke sai na samu dabara. Na riƙa yawo da gorata a hannu ko'ina, in an miƙo ruwa in ce na gode, cikina ne ba shi da lafiya, likita ya hana ni. Babu wanda ya taɓa jin haushi. Shayi kuwa ina karɓa, tunda tafasasshe ne, da shi nake biyan haƙƙin zumunci.

Ruwa ya tafasa sosai na minti ɗaya. In ƙwayar kulorin za ka saka, ka bar shi minti 30, kuma in ruwan ya yi gurɓi ka bari ya kwanta ka tace da tsumma mai tsafta tukun, don maganin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka. Ɗanyen ganye, ƙanƙarar da ba ka san ruwanta ba, yankakken kankana da ƙuda ya sauka a kai, ka haƙura. Abinci mai tururi ka ci.

Sista Idi-Araba:
Malama ta gama magana. In ƙara da cewa sansanonin wajen Adre ɗin nan an samu ɓarkewar ciwon hanta nau'in E a 2024, kuma ta gurɓataccen ruwa yake yaɗuwa, ya fi yi wa masu juna biyu illa. Kwalara kuma ba sai an ba mu labari ba, mun ga yadda ta yi a nan Legas a daminar 2024. Sabulu a aljihu, wanke hannu bayan kowane yaro.

Allurai kuma, mako biyar ba yawa ba ne, ka fara gobe. Ta cutar shawara (yellow fever) dole ce, da katinta mai ruwan ɗorawa, ana yi a ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, akwai a Ikeja wajen filin jirgin Murtala Muhammed. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ka je a yi maka allurar da gaske, kada wani ya ce zai kawo maka kati har gida. Sai ta sanƙarau, wadda a wurina ta fi kowace muhimmanci a wannan tafiyar: Chadi na tsakiyar yankin sanƙarau da ya taso daga Senegal har Habasha, lokacinsa kuma rani ne da ƙura, ga cunkoson sansani. Ka tambayi likita kan ta taifot, ta ciwon hanta nau'in B tunda za ka taɓa marasa lafiya, da ta tetanus.

Matashin Obalende:
To maleriya fa? Mu da sauron Legas ya cinye mu tun muna yara, ai mun zama ƙarfe. Na ji Turawa na shan ƙwaya kullum in sun zo, mu ma sai mun sha?

Sista Idi-Araba:
Muna da ɗan kariya, amma ba ƙarfe ba ne, kullum muna kwantar da manya a asibiti. A can sauro da damina yake tashi, daga Yuli zuwa Oktoba, wato ƙarshen zamansa. Maganar ƙwayar rigakafi shi da likitan ƙungiyarsu ne, kada ya saya da kansa. Doxycycline misali tana sa fata saurin ƙonewa a rana, mefloquine kuma tana sa wasu munanan mafarkai da firgita. Abin da ba na sassauci a kai: gidan sauro mai magani, kuma duk zazzaɓi a yi gwaji a ranar. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya da ƙin haske, wannan a ruga asibiti ne, kada a tsaya cewa maleriya ce.

Maman 'Yan Biyu:
Ɗana, ni ba likita ba ce, uwa ce. Ka ce wa mahaifiyarka ta haɗa maka tsamiya, garin kunu, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji da dabino. Ranar da bakinka ya ƙi abincin can, kunun tsamiya zai riƙe ka. Man kaɗanya don leɓe da diddige, don za su tsage. Kuma kullum ka kakkaɓe takalmi kafin ka saka ƙafa, kunama na son wurin. Ka riƙa kiranta ko minti biyu ne, ita ma lafiyarta na hannunka.

Alhajin Alaba Rago:
Hajiya ta tuna min. Kunama gaskiya ne, ta taɓa harbin yarona a cikin buhun da muke shimfiɗa. Ka nemi tocila mai kyau, kada ka taka ƙasa da dare ba haske. Kuma in damina ta sauka ka ga tafki ya cika, kada zafi ya ja ka ka faɗa wanka, tsargiya ake ɗauka. Wannan kam ko mu mun sani.

Ɗan Agege:
Allah ya saka wa kowa. Saura abin da ya fi damuna, azumi. Ban taɓa shan azumi ba tun da na balaga. Wani ya ce min ai ni matafiyi ne, in ajiye kawai. Zuciyata ba ta kwanta ba.

Malam na Zangon Agege:
Ɗana, kwanakin da kake kan hanya kai matafiyi ne, Allah ya yi maka sauƙi a Suratul Baƙara, ka sha ka rama. Amma a mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya sauka wuri da niyyar zaman kwana huɗu ko fiye ya fita daga hukuncin matafiyi, balle wata shida. Don haka ka kwana da niyya ka tashi da azuminka kamar kowa. In kana cikin yini wahala ta kai inda kake tsoron cutuwa, ka sha, ka rama daga baya, babu laifi a kanka. In kuwa ta kai ga tsoron halaka, shan ya zama wajibi, ci gaba da azumin shi ne saɓo. Mutanen Wadai Musulmi ne, da malamansu, ka je ka gaishe su ka ga yadda suke tsara yininsu.

Ɗan Agaji Mile 12:
Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya. Abokina da na ba da labari bai san ya kai wurin halaka ba har ya faɗi. Ta yaya yaron nan zai gane lokacin da ya kamata ya sha, tunda abin hankali yake fara taɓawa?

Malam na Zangon Agege:
Tambaya mai kyau. Shi ya sa shari'a ke karɓar maganar likita amintacce da abin da mutum ya jarraba a jikinsa. Ba sai ya faɗi ba. Sista ta lissafa alamun farko, in sun bayyana ya tsaya a nan. In abokin aikinsa mai ilimin lafiya ya ce masa sha, ya sha.

Sista Idi-Araba:
Na gode Malam. Ni damuwata ita ce azumin zai zo masa a makonnin farko, kafin jikinsa ya saba. Ƙanena, ka yi wa shugaban aikinku magana tun yanzu, a ba ka aikin safe, daga bayan asuba zuwa hantsi, na tsakar rana ya zama a ƙarƙashin rumfa. Daga buɗa-baki zuwa sahur ka rarraba ruwanka, kada ka tara shi duka a sahur, fitsari kawai zai zama. Ka rage shayi mai ƙarfi da dare, lemon kwalba masu sa kuzari kuma ka rabu da su gaba ɗaya. Kana shan wani magani na kullum?

Ɗan Agege:
Ni a'a. Amma wanda za mu tafi tare, dattijo ne, yana da hawan jini da suga.

Sista Idi-Araba:
To shi ya fi ka buƙatar ganin likita kafin tafiya. Wasu magungunan hawan jini fitsari suke sawa, a wannan zafin suna iya busar da mutum, wataƙila a canza masa ko a rage. In allurar insulin yake yi, zafi na lalata ta, dole a san inda za a ajiye ta da sanyi tun kafin a tashi. Ya ɗebi maganin wata shida da ƙari, a jakar hannu. Ka turo shi ya same ni in yana so, in nuna masa inda zai je.

Matashin Obalende:
Na janye maganata ta tsoratarwa, labarin Yaya na Mile 12 ya ishe ni. Amma har yanzu ina ganin wata shida ya yi yawa ga wanda bai taɓa fita ba. Da uku ya fara.

Malama Sabon Ikorodu:
Wata ukun farko ai koyo ne, sai a na huɗu ka fara amfanar mutane. Ni abin da zan ƙara, ba jiki kaɗai ke gajiya ba. Matan nan za su ba ka labarin abin da ya same su a hanyar gudowa daga garin Aljunaina na Darfur, za ka auna yaron da gobe ba za ka sake ganinsa ba. Akwai daren da barci zai ƙi zuwa, ga zafi ga tunani, washegari kuma rana ta fi saurin kayar da wanda bai yi barci ba. Ranar hutunka ka huta da gaske, kada ka ce bari in leƙa. Ka samu wanda za ka riƙa faɗa wa abin da ke ranka.

Ɗan Agege:
Salam. Yau na je Ikeja, an yi min ta shawara, na karɓi katina, ta sanƙarau kuma ranar Alhamis. Na karanta wa mahaifiyata duk abin da kuka rubuta, ta yi kuka a wurin labarin Malama, yanzu tana can tana ɓare tsamiya. Dattijon ya ce zai nemi Sista ranar Litinin. Shugaban aikinmu ya amince da aikin safe a sati biyun farko. Baba Alhaji, na sayi yadi huɗu na farar auduga amma na kasa naɗawa, yana ta zamewa.

Alhajin Alaba Rago:
Yadi huɗu ya yi. Ka wanke shi tukun ya saki, sabon yadi santsi gare shi. Ka zo Alaba Rago ranar Asabar bayan la'asar, ka tambayi layin 'yan raguna, ka taho da hula mai kama kai.